Yadda Ake Rubuta Labarin 'Yan Damfara Masu Ɗaukar Fansa a Kan Uban Daba

Tun bayan wani zaman karatu da muka yi da matasan marubuta a Samaru da ke Zariya, inda na karanta babi biyu na wani labari da nake kan rubutawa, tambaya guda ce take ta dawo mini ta waya da kuma baki da baki: ta yaya ake tsara labarin da 'yan damfara suke rama wa uban daba muguntarsa, har mai karatu ya goyi bayansu, kuma ya kasa gano inda aka dosa sai a shafukan ƙarshe? Yawancin masu tambayar sun riga sun fara, sun kai babi na biyar ko na shida, sai labarin ya cije musu. Da na duba rubuce-rubucen nasu, na ga ciwon kusan iri ɗaya ne: sun fara daga farko, alhali irin wannan labari daga ƙarshe ake gina shi, a dawo baya.

1. Tanadi kayan aiki

Kana bukatar littafin rubutu guda biyu. Na farko na tsarin damfarar ne kaɗai, wato abin da ya faru a zahiri, daki-daki, da rana da sa'a. Na biyu na labarin ne kamar yadda mai karatu zai gan shi. Sai ƙananan katuna ko yankakkun takardu kamar 40, kowanne na fitowa ɗaya ta labarin, domin ka iya shimfiɗa su a tabarma kana sauya musu wuri. Sai kalandar shekarar da labarin ya faru. Idan a waya kake rubutu, ka sa allon rubutu na Hausa, irin wanda yake cikin Gboard, domin ka samu ɓ da ɗ da ƙ tun daga farko. Gyara su daga baya a cikin kalmomi dubu hamsin aiki ne mai cin rai. Wanda yake rubuta kalmomi 500 a kullum zai kammala zubin farko na kalmomi 50,000 cikin kwana 100.

Gargaɗi: kada ka haɗa littattafan nan biyu wuri guda. Duk wanda ya haɗa su yakan manta abin da ya riga ya faɗa wa mai karatu da abin da yake ɓoye masa.

2. Fara da zaluncin da aka yi

Mai karatu Bahaushe ya san damfara haramun ce, kuma wataƙila an taɓa yi masa ita, ko ta alat na bogi ko ta filin da aka sayar wa mutum uku. Ba zai ƙaunaci ɗan damfara haka kawai ba. Abin da zai sa ya tsaya a bayansa shi ne zaluncin da ya gani da idonsa a babi na farko ko na biyu, da kuma tabbacin cewa an bi hanyoyin da suka dace an rasa mafita. Saboda haka sai ka nuna an kai ƙara wurin mai unguwa, an je caji ofis, an roƙi dattawa su sa baki, kowa ya ɗaga hannu saboda tsoro ko saboda an toshe masa baki. A misalin da zan yi ta amfani da shi, wani ɗan kasuwa ne ya ci bashi wurin uban daba, bashin ya yi ta haihuwa har aka ƙwace shagonsa da gidan gado, baƙin ciki ya kwantar da shi ya rasu, aka bar 'yarsa da ƙaninsa, wanda tsohon ɗan damfara ne da ya tuba ya koma ɗinki.

Muna da gata a nan wanda sau da yawa ba mu lura da shi: duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ya saba da goyon bayan mai wayo marar ƙarfi a gaban Kura ko Zaki. Abin da ya rage shi ne ka ba naka Gizon dalilin da ya fi cikinsa.

3. Gina uban daba kafin ka gina jarumi

Wannan mataki ne da ake yi wa riƙon sakainar kashi. Uban daban da yake zare ido yana ɗaga adda a kowane shafi ba abin tsoro ba ne, kuma damfararsa ba abin burgewa ba ce, domin an nuna shi wawa tun farko. Ka rubuta shafi biyu a littafinka na farko kana amsa waɗannan tambayoyi: daga ina kuɗinsa suke shigowa, karɓar kuɗin tsaro ne daga 'yan kasuwa, ko dillancin filaye masu rigima, ko bangar siyasa? Yara nawa yake ciyarwa, kuma nawa yake kashewa a kansu duk mako? Wane babban mutum ne yake tsaya masa, kuma me zai sa wannan mutumin ya juya masa baya? A ina yake ajiye kuɗi? Wa yake tsoro?

Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce ƙofar labarinka. Kwaɗayi kaɗai ba ya isa a kama irin wannan mutum, domin shi ma ya san kan duniya kuma ya fi kowa zargi. Sai kwaɗayi ya haɗu da tsoro da ƙurewar lokaci sannan hankalinsa yake gushewa. Ka kuma ba shi wani hali mai kyau, ko da na ganin ido ne, kamar rabon hatsi da azumi ko biyan kuɗin asibitin yaransa, domin a fahimci dalilin da ya sa unguwa take rufa masa asiri.

Gargaɗi: kada ka ɗauko wani sanannen mutum na unguwarku ka sauya masa harafi ɗaya a suna. Zariya gari ne da kowa ya san kowa; ko ka tsira daga ƙarar ɓata suna, ba lallai ka tsira daga yaransa ba. Ka haɗa halayen mutum uku ko huɗu, ka ƙirƙiri laƙabi, ka kuma bar unguwarsa ba suna ko ka ƙaga mata suna.

4. Tsara damfarar daga ƙarshe zuwa farko

A nan ne aikin yake, kuma ya kamata ya ci maka mako biyu kafin ka rubuta jimla ɗaya ta labarin. Ka fara da rubuta hoton ƙarshe: me uban daba ya rasa, a wace rana, a wane wuri, wa yake tsaye a gabansa? Daga nan sai ka riƙa tambayar kanka abin da dole ya faru kafin wannan, har ka iso ranar da suka fara haɗuwa.

Ga yadda na yi da misalina. Na ɗora labarin a kan canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Sababbin sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, sannan aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu, ga kuma zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga watan. Uban dabana yana da tsofaffin kuɗi jibge a ɗaki, wani kaso nasa, mafi yawa na ubangidansa ɗan siyasa. Ba zai iya kai su banki ba, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa bankuna su kai rahoton duk hada-hadar da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani. Kwaɗayi da tsoro da ƙurewar lokaci duk sun taru a ɗaki guda, kuma ba ni na ƙirƙire su ba. Duk wanda ya tsaya layin banki a unguwar PZ ta Zariya ko ya sayi kuɗi da kuɗi wurin mai POS a wancan lokaci zai gaskata.

Daga nan sai damfarar ta bi matakanta. Da farko leƙen asiri, inda wani daga cikin tawagar masu fansar yake shiga jikin uban daba, a matsayin direba ko mai kawo abinci. Sai jan hankali: ba a zuwa wurinsa da tayi, shi ake bari ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai wani mai hanya a banki, ya nemi a kai shi. Sai ɗanɗano: ya ba da miliyan 2 na gwaji, a dawo masa da sababbi cif, a cire la'ada kaɗan. Sai ja da baya: mai hanyar ya ce ya fasa, abin ya yi zafi, har uban daba ya koma shi ne mai roƙo. Sai babban zubi, ranar da ya kwaso komai. Na ƙarshe shi ne rufe baki, wanda na ware masa mataki na 8.

Abu biyu ne suke tona asirin marubucin da bai yi lissafi ba. Na farko, damfara tana da jari. Sababbin kuɗin da aka ba shi na ɗanɗano daga ina suka fito a lokacin da mutane suke kwana a bakin na'urar cirar kuɗi? Dole wani ya sayar da keken ɗinkinsa ko 'yan kunnen gwal na gado, kuma wannan asarar tana ƙara wa labarin nauyi. Na biyu, kuɗi suna da jiki. Naira miliyan 100 a takardun dubu-dubu takarda 100,000 ce, wato bandir 1,000, kuma nauyinta ya kai kimanin kilo 100, kwatankwacin buhun masara. Jarumin da ya saƙale wannan a kafaɗa ya haye babur ya raina hankalin mai karatu.

Gargaɗi: labari kake rubutawa, ba darasin zamba ba. Ka nuna yadda zuciyar wanda ake damfara take aiki dalla-dalla, amma ka bar dabarun buga takardun bogi da makamantansu a dunƙule. Mai karatu ba ya bukatarsu, kuma ba su ne suke riƙe shi ba.

5. Haɗa tawagar

Mutum huɗu ko biyar sun isa: mai tsarawa, mai shiga jiki, mai fuskar manya wanda zai fito a matsayin jami'in banki ko Alhajin birni, da mai lura da waya da mota. Kowanne ya kasance yana da abin da shi kaɗai ya iya da kuma dalilinsa na shiga, kuma kada dalilan su zama iri ɗaya. Wani fansa ta kawo shi, wani bashi, wani kuwa kuɗin kawai yake so, kuma shi ne mai karatu zai yi ta zargi. Ka kula da yadda suke kiran juna. Yarinyar za ta ce wa ƙanin mahaifinta Baffa ko Baba ƙarami ko da suna tsakiyar rigima, yaran daba za su ce Oga ko Maigida, mai fuskar manya kuwa ranka ya daɗe zai riƙa sha. Ranar da wani ya kuskure ya kira ɗan'uwansa da sunan gida a gaban uban daba, ka samu babi guda kyauta.

6. Binciki doka da gari

Kowa yana cewa 419, amma wannan lamba ta sashe ce a kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a kudancin ƙasar nan. A Arewa da Final Kod ake aiki, saboda haka ɗan sandan da yake rubuta tuhuma a Zariya ba zai kafa hujja da sashe na 419 ba, ko da yake zai iya faɗin kalmar a hira. Idan hukumar EFCC ce ta shigo, tana da ofishin shiyya a Kaduna, kuma takan yi amfani da dokar zamba ta 2006, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba. A babbar kotu ake irin wannan shari'a, ba gaban majistare ba. Wannan shi ne abin da tawagarka take jefa kanta a ciki, kuma ya kamata wani daga cikinsu ya faɗe shi da bakinsa. DPO yana riƙe da caji ofis ne, sama da shi akwai kwamandan yanki, kwamishina kuwa yana Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80. Idan kana da aboki a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ka ba shi babin kotu ya duba maka.

Garin ma sai an taka shi. Baƙon da ya shiga lungunan cikin birni ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana da babbar mota, kafin ya juya an san gidan da ya nufa, don haka ofishin bogi ba zai zauna a can ba. Sabon Gari ko GRA ne wurin da baƙuwar fuska ba ta ɗaga hankalin kowa. Kwangila mahaɗa ce, daga nan mota tana iya nufar Kano ko Kaduna ko ta bi ta Samaru zuwa Funtuwa, kuma mai bin sawu dole ya zaɓi ɗaya. Ka hau Keke Napep ka auna minti nawa ne daga Tudun Wada zuwa can da hantsi, ka sake aunawa bayan la'asar, ka rubuta.

7. Yaudari mai karatu ba tare da ka yi masa ƙarya ba

Yanzu ka ɗauko katunanka ka rarraba abin da ke littafi na farko zuwa babi 20 ko 25. Ƙa'idar ita ce: kana da damar ɓoye abu, ba ka da damar faɗin abin da ba haka ba. Idan ɗaya daga cikin tawagar zai yi kamar ya ci amana alhali shiri ne, kada ka shiga zuciyarsa ka ce yana nadamar cin amanar. Ka tsaya a waje, ka nuna abin da idon uban daba yake gani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba da labarin ta bakin wanda bai san dukkan shirin ba, kamar yarinyar, wadda baffanta ya ɓoye mata kashi ɗaya domin tsoronta ya zama na gaske a ranar.

Duk abin da zai yi aiki a ƙarshe, ka ajiye shi a fili sau biyu tun da wuri, a wurin da hankalin mai karatu yake kan wani abu dabam. Sannan dole shirin ya lalace a tsakiya. A misalina tarihi ne ya ba ni lalacewar: jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kuma ranar 8 ga Fabrairu 2023 kotun ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da wa'adin. Uban daba ya ji a rediyo, hankalinsa ya fara kwanciya, ya ce a dakata. Yadda tawagar ta sake tayar masa da hankali cikin kwana biyu shi ne babin da na fi wahala a kansa, kuma shi masu sauraro suka fi so a Samaru.

Gargaɗi: kada sa'a ta ceci jarumanka. Sa'a tana iya jefa su cikin matsala, amma fita sai da wayonsu ko da wata asara.

8. Rufe baki da sakamako

Tambayar da mai karatu mai hankali zai yi ita ce: me zai hana uban daba ya bi su ya kashe? Idan ba ka da amsa, labarin bai ƙare ba. Ko dai ya gaskata cewa hukuma ce ta kama kuɗin, ya gode wa Allah da bai shiga hannu ba, ko kuma ya gane amma ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Ni na haɗa biyun. Ba zai iya kai ƙara ba, domin sai ya faɗi inda ya samo kuɗin. Ubangidansa yana neman nasa ana saura kwanaki zaɓe. Yaran da bai biya ba sun koma wurin wani. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023, ya gane cewa da ya zauna a ɗakinsa bai motsa ba, da ko kwabo bai rasa ba. A ganina wannan ya fi a harbe shi ciwo.

Su ma masu fansar kada su fita fes. Wani ya rasa aure, ko ya bar gari, ko tsohon da ya tuba ya kasa komawa kan kekensa da zuciya ɗaya. Inda kuɗin suka tafi kuma ka nuna shi a aikace, ba sai wani malami ya fito a shafin ƙarshe ya yi wa'azi ba.

9. Gyara

Ka ajiye rubutun mako uku ba ka duba ba. Karatun farko na lissafi ne: ranaku, kuɗi, wa ya san me a wane lokaci. Na biyu da babbar murya, domin kunne ya kama maganar da ba ta yi kama da ta bakin mutum ba. Sannan ka ba mutum uku, ka roƙi kowanne ya sa alama a shafin da ya gano ƙarshen. Idan sun gano kafin kashi uku cikin huɗu, ka rage alamu. Idan sun kai ƙarshe suna cewa ba su gane yadda aka yi ba, ka ƙara. Daga nan sai mai duba ƙa'idojin rubutu, wanda zai raba maka "ya na" da "yana", kuma wannan aiki ne da ake biya, ba alfarma ba.

10. Fitarwa da abin da za ka kashe

Farashin takarda yana motsi da canjin dala, don haka ka karɓi ƙiyasi a rubuce daga maɗaba'a uku a mako guda, kowanne ya rarrabe maka kuɗin tsara shafi, zanen bango, farantin bugu, takarda da ɗauri. Kalmomi 50,000 a girman A5 sukan ba da shafi 180 zuwa 200, kuma gara adadin shafukan ya zama ninkin 16, domin haka ake naɗe manyan takardun bugu. 192 ya fi 195 araha. Ka tambayi nauyin takardar, giram 60 ko 70, ka kuma ga samfuri kafin ka biya kafin alƙalami. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai bugu mai zaman kansa ya ajiye musu kwafi 3.

Idan ta waya za ka sayar, a rukunin WhatsApp ko a manhajar karatu, ka saki babi biyar na farko kyauta, ka tsaya daidai inda aka ba uban daba ɗanɗano. Kada ka tura dukkan littafin a fayil guda, domin a rana ɗaya zai zagaye rukunai. Masu karanta littattafai a YouTube kuma za su neme ka. Ku rubuta yarjejeniya da ta faɗi tsawon lokacin izinin, ko tasha ɗaya ce ko da wasu, da ranar biya, kowa ya sa hannu a gaban shaida kafin ka miƙa babi na shida.